Tambaya da Amsa: An Gayyace Ni Wasan Golf da Walimar Ɗanɗana “Ruwan Inabi”

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Zango, nan Damagaram, kuma shekara tara ke nan ina sayar wa masu lambu na Mirriya da Gidimuni injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana. Kamfanin da nake sarar kaya a wurinsa ya aiko mini da takardar gayyata zuwa taron dillalansa, wanda za a yi cikin watan Nuwamba a garin Stellenbosch na Afirka ta Kudu. Kwana biyun farko na zaman tattaunawa ne, ba ni da damuwa da su. Rana ta uku ce ta tsaya mini a rai, domin an rubuta cewa za a wuni ana wasan golf, da dare kuma a yi walimar cin abinci da ɗanɗana ruwan inabi mai tsada. Ban taɓa riƙe sandar golf ba. Ɗana da ya fassara mini takardar ya ce ruwan inabin nan ba irin na kwali da muke sha da azumi ba ne, wani abokina kuma ya ce in je kawai, wai a irin wannan wuri kurɓa ake yi a tofar, ba a haɗiyewa. Ina son a sabunta mini yarjejeniyar dillanci, ba na son a ɗauke ni mai girman kai, ba na kuma son in dawo gida da abin da zai hana ni barci. Yaya zan yi?

Daga wani Alhaji, Zango, Damagaram.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Shawarata a taƙaice ita ce ka amsa gayyatar wasan da hannu biyu, walimar dare kuwa ka ba da uzurinka tun kana gida, a rubuce, ba tare da kewaye-kewaye ba.

Ɗanka ya yi gaskiya. Kalmar “ruwan inabi” tana rikita mutane a Hausa, domin da ita ake kiran matsattsen ruwan ’ya’yan inabi wanda bai tsima ba, da ita kuma wasu ke sakaya sunan giyar inabi. Abin da ke cikin takardarka giya ce, wadda ake samu idan aka matse inabi aka bar yis ya cinye sukarin da ke ciki ya mai da shi barasa, kuma yawancin wadda ake kawowa teburin abinci tana ɗauke da barasa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Garin da za ka je shi ne cibiyar wannan sana’a a ƙasar. Turawan Holan sun fara matse inabi a yankin Cape a 1659, aka kafa Stellenbosch a 1679, kimanin kilomita 50 gabas da birnin Cape Town, kuma a jami’ar garin ne aka auratar da irin inabi biyu a 1925 aka sami wanda suke kira Pinotage, abin alfaharinsu har gobe. Saboda haka kada ka ɗauka da wata manufa suka shirya maka wannan. Yadda baƙo ba ya barin Damagaram ba a kai shi ya ga fadar Sarki da lungunan Birni ba, a kuma ƙulle masa kilishi ya tafi da shi, haka su ma suke nuna wa baƙo abin da garinsu ya yi suna da shi.

Bari mu fara da wasan, wanda kafofin labarai na Hausa kan kira ƙwallon lambu. Asalinsa daga ƙasar Sikotland ne, kuma ya daɗe ƙwarai, domin tun a 1457 majalisar ƙasar, zamanin Sarki James na Biyu, ta haramta shi saboda yana ɗauke hankalin mazaje daga koyon harbin baka. A filin St Andrews ne aka rage ramuka daga 22 zuwa 18 a 1764, daga baya wannan adadi ya zama ma’aunin duniya. Ƙa’idarsa ba ta da wuyar ganewa: ƙwallo ce ’yar ƙarama mai tauri, ba ta kai ƙwan kaza ba, nauyinta bai wuce giram 46 ba, kana bugunta da sanda daga mafari har ka jefa ta cikin rami mai faɗin milimita 108, sannan ka wuce rami na gaba. Wanda ya gama ramuka 18 da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, uku ko huɗu ko biyar, jimillarsu a yawancin filaye 72. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba, idan kuma ƙwallonsa ta ɓace a ciyawa minti uku kawai aka ba shi ya neme ta.

Faɗa ba wuya, yi ne aiki. Ranar da aka fara miƙa mini sanda, a wani fili irin na ƙasashenmu na Sahel inda ake daddaɓe rairayi a kewayen rami a maimakon ciyawa, na gyara tsayuwa na kai bugu da iyakar ƙarfina har sau uku, ƙwallon tana zaune inda take tana kallona. A na huɗu na tono ƙasa cikin tafin hannu, ta yi tsalle ta fi ƙwallon nisa. Yaron da ke ɗauke mini jaka, wanda bai fi sa’an ɗana ba, ya ce, “Baba, kada ka ɗaga kai, ka bar idonka a kan ƙwallon, kuma ka daina dukanta kamar kana faskare.” Wannan shi ne darasin farko, kuma ina jin shi ne na ƙarshe.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. A wasannin da kamfanoni ke shiryawa an saba raba mutane huɗu-huɗu, kowa ya buga tasa, sai a zaɓi ƙwallon da ta fi faɗawa wuri mai kyau, dukkan huɗun su ci gaba daga nan, ta yadda ɗan koyo ba ya jawo wa ’yan ƙungiyarsa asara. Ka gaya musu tun yanzu cewa kai sabon shiga ne, ka nemi a ara maka sanduna, a kuma haɗa ka da mai koyarwa na awa guda da safe. Ko da ka ga ba za ka iya ba, kana iya bin ƙungiyarka a ƙafa ko a ’yar motar fili, ka riƙa gwada gajeren bugun nan na dab da rami.

Abin da ake lura da shi ga baƙo ladabi ne, ya fi gwaninta muhimmanci. Idan wani ya tsaya zai buga, kowa yakan yi tsit, ba motsi, ba tari in da hali, wayar salula kuma a kashe mata ƙara, wanda na san ga ɗan kasuwar Zango wannan ya fi bugun ƙwallon wuya. Ba a tsayawa gaban mai bugu ko dab da shi. A kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami ba a taka layin da ke tsakanin ƙwallon wani da ramin, domin sawun ƙafa yana karkatar da ita. In ka shiga kwarin rairayi ka buga, sai ka ɗauki manjagarar da aka ajiye ka share sawunka. In ka ji an ƙwala ihu an ce “fo”, ka sunkuya ka kāre kanka da hannu, ƙwallo ce ta kauce hanya ta nufo mutane. Batun tufafi ma suna da tsanani: riga mai kwala, wando na yadi, takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, da hular rana. Babbar riga ka ajiye ta don zaman taro, hannunta ba zai bar ka ka juya sanda ba. Ka tuna kuma lokacin da hunturu ke shigo mana su zafi ke shigo musu, ga iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas.

Dalilin da ya sa na nace ka je filin shi ne, zagaye guda yana cin awa huɗu ko fiye, kuma bugun kansa bai ɗauki komai daga ciki ba, sauran duk tafiya ce da hira. Wanda zai sa hannu a yarjejeniyarka zai fi sanin ko kai wane ne a wannan tafiya fiye da a ɗakin taro. Kana ma da abin hira da babu wanda ya fi ka. Mutumin Damagaram, wanda ya tashi yana jiran mai garuwa yana kuma lissafin kowane tulu, in ya ga eka bisa eka na ciyawa shar ana yi mata feshi, dole zuciyarsa ta ɗan sosu, ni ma tawa ta sosu. To su ma sun ɗanɗana: a farkon 2018 fari ya kusa ƙafar da madatsun ruwan Cape Town, har aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Ka tambaye su da wane ruwa suke shayar da filin, ka ba su labarin rijiyoyin lambunan Mirriya, za ka ga hira ta kama ta inda sana’arka take. Abu guda ka kiyaye: ’yan golf sun saba sa ’yan kuɗi a kan wanda zai ci rami. Komai ƙanƙantarsu caca ce, sai ka yi murmushi ka ce kai motsa jiki ya kawo ka.

Yanzu ga maganar dare. Abokinka ya ji ƙishin-ƙishin na gaskiya, amma bai ji ƙarshenta ba. Na taɓa faɗawa irin wannan zama cikin rashin sani, a wata tafiya ta aiki, don haka abin da na gani zan faɗa maka. A gaban kowane mutum an jera kofunan gilashi masu dogon wuya har biyar. Wani ma’aikaci da farin ƙyalle a hannu yana zagayawa yana zuba ɗan kaɗan a kowanne, yana bayanin gonar da aka noma inabin da shekarar da aka girbe shi. Sai kowa ya ɗaga kofi ya duba launi, ya juya shi, ya cusa hanci ya shaƙa kamar mai sayen turare a kasuwar Dole, sannan ya kurɓa. Ana farawa da fara kafin ja, mai zaƙi kuma a ƙarshe, kowane kwanon abinci da giyar da aka zaɓa masa. Gaskiya ne masu sana’ar, waɗanda ke gwada kwalabe da yawa a wuni guda, sukan tofar a wani ɗan bokiti don kada su bugu, amma a walimar cin abinci yawancin mutane haɗiyewa suke yi. Ni na kifa kofunana na nemi ruwa, sai ya zama kowane zagaye ma’aikacin ya tsaya a kaina, maƙwabcina ya tambayi dalili, na sake bayani. Awa uku na yi ina zaune kamar an dasa ni, masu masaukina suna jin nauyi, ni ina jin nauyi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ta fuskar addini maganar ba ta da duhu. Aya ta 90 a Suratul Ma’ida ta haɗa giya da caca, ta ce a nisance su, kuma nisanta ya fi ƙarfin a ce kada a sha. Hadisi ya tabbata cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne, wanda ya rushe dabarar kurɓa a tofar, domin ba mai cika baki da ruwa ya tofar ba tare da wani abu ya wuce maƙogwaro ba. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Malamai sukan tattauna halin matafiyi da larura ta sa ya ci abinci a otal ko jirgi inda wani can yake shan tasa, wannan ka tambayi malaminka. Amma walimar da aka shirya musamman don giya, aka sa mata sunanta, ba ta shiga wannan babi ba. Abincin kansa ma abin dubawa ne, domin a irin wannan girki akan dafa nama da miya da giya, kuma wuta ba ta ƙone barasar duka kamar yadda ake zato, ga yankakken naman alade da akan kawo a farkon zama. Wadda suke cewa an cire wa barasa ma sau da yawa akwai ɗan saura a cikinta.

Tun ran gini ran zane. Ka sa ɗanka ya rubuta musu a wannan makon, ka gode da gayyata, ka ce za ka halarci taro da wasan golf da farin ciki, amma a matsayinka na Musulmi ba ka zama a walimar giya, don haka kana neman a ɗauke maka ta, kana kuma fatan samun ganawa da shugaban sashen ciniki a karin kumallo. Kada ka fake da ciwon ciki ko gajiya, domin wanda ya yi ƙaryar ciwo bana, baɗi ma sai an sake gayyatarsa, ƙila har a aiko masa da kwalba a matsayin tsaraba. Maganarka ba za ta zama baƙuwa a kunnensu ba. Yankin Cape yana da tsohuwar al’ummar Musulmi, masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap a birnin Cape Town an kafa shi tun 1794, a cikin Stellenbosch ma akwai masallaci, kuma abincin halal abu ne da otal-otal ɗinsu suka sani sarai. Ka nemi a rubuta maka shi a dukkan kwanakin taron. Idan an tashi daga fili akan taru a ɗan sha wani abu kafin a watse, nan ka gaisa da kowa, ka yi sallama, shayinsu na rooibos kuwa ka sha a masaukinka, ja ne, ba ya hana barci.

Ka lissafa sallolinka da jadawalin wasan tun da safe, domin in aka fara da hantsi azahar za ta riske ka a fili, ko da yake akan tsaya hutawa bayan rami na tara, kuma kai matafiyi ne mai rangwamen kasaru matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. A Nuwamba rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe bakwai, agogonsu kuma yana gaban namu da awa guda. Kada ka fuskanci gabas yadda ka saba a Zango, alƙiblar Cape tana arewa ne, ta ɗan karkata gabas. Ka tafi da ’yar dardumarka, da ’yan jakunkunan fata na dukawan Damagaram guda uku ko huɗu, ka ba abokan wasanka bayan rami na 18.