Na faɗi gurbin likitanci bana, in sake JAMB ko in karɓi wani kwas?

Ƙanwata, kin ce daga Daura kike, kin ci 248 a JAMB, kin zaɓi ABU Zariya ba a ɗauke ki likitanci ba, sai aka ba ki Anatomy. Ni dai shawarata ki sake, amma ki sauya lissafi.

Makinki ba laifi, gurbi ne ya yi kaɗan. MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitanci a Najeriya, ita ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, kuma ABU kowa a Arewa can yake rububi. Jami'o'in tarayya na rabon gurbi ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko, Katsina na ciki. Don haka ki duba BUK Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ki tambayi 'yan aji biyu makin da aka tsaya a kai bara. Kuma kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar MDCN ta amince da makarantar.

Ɗauko takardar WAEC ko NECO ki duba: kiredit a Turanci, Lissafi, Physics, Chemistry da Biology. Jami'o'i da dama a zama ɗaya suke so, nan ake yawan zubar da mutane shiru.

Anatomy ɗin kuwa, kada ki shiga da zaton za a mayar da ke likitanci daga baya, sauyin nan da wuya yake. In Baba ba zai yarda ki zauna gida shekara guda ba, ki yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ki nemi shiga aji biyu kai tsaye da shi, ki kuma sake JAMB ɗin.