Shin ya halatta a kawo maganar malaman Yahudu kan gulma a cikin wa'azi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a group ɗinmu na Islamiyya wata ta turo rubutu wai malaman Yahudu sun ce gulma tana kashe mutum uku kuma daidai take da bautar gunki, wasu suka ce a goge tunda ba maganar musulmi ba ce, to Malam ya halatta mu karanta har mu yi nasiha da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara mana son gaskiya. Maganar nan tabbas tasu ce, tana cikin Talmud, babban littafin malamansu, suna kiran abin lashon hara, kuma a wajensu ko da abin da ka faɗa gaskiya ne in dai zai zubar da mutuncin wani to ka faɗa ciki, ƙazafi kuma babinsa daban ne ya fi muni. Mutum ukun da suke nufi su ne mai faɗa da mai saurare da wanda ake cin namansa, har Musa bin Maimun, malaminsu ɗan Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya ce mai karɓar maganar ya fi mai faɗarta cutuwa. Wani malaminsu kuma Isra'ila Meir Kagan littafi guda ya wallafa a 1873 a kan hukuncin harshe kawai.

To hukunci, Manzon Allah (SAW) ya ce ku ba da labari daga Banu Isra'ila babu laifi, ya kuma ce kada ku gaskata ma'abota littafi kada ku ƙaryata su, duka a Bukhari. Shi ya sa Ibn Kasir ya kasa labaransu uku, wanda shari'armu ta gaskata, da wanda ta ƙaryata, da wanda ta yi shiru a kansa.

Batun mutum uku yana kashi na farko, ma'anarsa daidai ce. A Muslim an tambayi Annabi (SAW) game da giba, to idan abin da na faɗa yana tare da ɗan uwana fa, ya ce in yana tare da shi to ka yi gibarsa ke nan, in babu to ka yi masa ƙage ke nan. Ga aya ta 12 a Hujurat, cin naman ɗan uwa yana matacce, ga hadisin matsiyaci da za a kwashe ladansa a raba wa waɗanda ya zaga ranar ƙiyama. Ni wallahi mai sauraren nan shi ya fi damuna, don shi ne yake ganin ba ruwansa, an turo voice na minti biyar ana tona asirin gidan wata, mijinta kaza kishiyarta kaza, kin saka a kunne kin ji har ƙarshe kin tura emoji na dariya sannan ki ce ai ni ban ce komai ba, alhali da ba ki saurara ba da mai maganar ta yi shiru, kuma gobe in kin haɗu da matar a wajen biki da wani ido za ki kalle ta, zuciyarki ta riga ta ɓaci a kanta. Wajibi ne ki hana, in ba za ki iya ba ki fita daga zancen.

Amma cewa daidai take da bautar gunki, wannan kar ku ɗauke shi a matsayin hukunci. Giba babban zunubi ce, Ƙurɗubi ya faɗa, amma shirka ita ce Allah ya ce ba ya gafartawa a Suratun Nisa'i aya ta 48. Labarin da suke bayarwa kuma cewa 'yar uwar Annabi Musa (AS) ta yi magana a kansa cutar fata ta kama ta har ta yi kwana bakwai a wajen sansani, wannan mu yi shiru, ba gaskatawa ba ƙaryatawa.

Don haka ba sai an goge ba, a karanta, a faɗi cewa maganarsu ce kar a jingina ta ga Annabi (SAW), hujja kuma a kafa ta da aya da hadisi. Sannan in an nemi shawararki kan mai neman aure ki faɗi gaskiya iya buƙata, wannan yana cikin wurare shida da Nawawi ya keɓe daga haramcin giba.

Wallahu a'alam.