Ɗana ya wuce wata 9 bai fara rarrafe ba, in saya masa keke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana ya wuce wata 9 da 'yan kwanaki. Yana zama daram, amma ko alamar rarrafe babu, ga ɗan maƙwabciyata da aka haifa bayansa har ya fara dafa bango. Kakarsa ta ce in saya masa keken koyon tafiya, ƙafarsa ta yi ƙwari. Sannan ya tsiri ƙiwa, ko ƙanin babansa ne ya ɗauke shi sai ya tsala ihu. Anya lafiya kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, yaron da ya zauna da kansa a wata 9 yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu lafiya a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Wasu sun fara rarrafe tun suna wata 5, wasu sai da suka haura wata 13. Kusan 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Wani da jan gindi yake zagaye gida, ran nan kawai a ga ya miƙe. Tafiya kuwa daga wata 8 ne har kusan wata 18.

Da kina gabana da na fara tambayarki: awa nawa yake yi a ƙasa kullum? Goyo abu ne mai kyau, ɗumin bayanki da muryarki suna kwantar masa da hankali. Amma wanda ya wuni ɗaure da zani, aka kwance shi ya koma cinyar kaka, daga nan ya koma hannun yayarsa, yaushe zai gwada gwiwarsa? Hukumar nan ta ba da shawarar kada a ɗaure ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, har da goyo.

Ki share tsakar ɗaki, ki shimfiɗa tabarma, ki kifa shi rub da ciki yana farke, kina kusa. Ki ajiye ludayi ko murfin tukunya inda hannunsa ya kusa kaiwa amma bai kai ba. Zai yi nishi, ya yi ƙorafi, ya cusa fuska a tabarma, wataƙila ma ya fara da ja da baya. Ki daure, kar ki yi saurin miƙa masa. Idan ya samu ya kwaɗa ludayin a kan murfi ya ji ƙara, ki amsa masa, ki faɗi sunan abin. Waya dai a ajiye ta, ba ta da amfani ga ɗan da bai shekara ba.

Keken da ake zaunar da yaro a ciki, gaskiya ba na so. Yana koya masa tura ƙasa da kan yatsu, kuma lokacin da ya kamata ya yi a tabarma ne yake cinyewa. Ga haɗari: kafin ki juya ya isa murhu ko tukunyar ruwan zafi, ko ya kife a dokin ƙofa. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Ki lallaɓa Hajiya, ki ce likita ne ya hana, laifin ya hau kaina.

Ƙiwa kuwa alama ce ta wayo. Daga wata 6 zuwa 9 yaro kan fara bambance nasa da baƙo. Kawunsa ya daina fizgarsa daga hannunki. Ya zauna, ya yi masa wasa yana cinyarki, da kansa zai miƙa hannu.

Ki kai shi asibiti, kar ki jira, idan kin ga jikinsa ya sake lagwaf ko ya sandare, ko da ɓari ɗaya kawai yake aiki, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Idan ya taɓa yin shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko sanƙarau, ki gaya wa likitan a duba jinsa.