Me ya sa kwamfuta ke sanƙarewa idan an buɗe manhajoji da yawa?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutar shagonku na buga takardu a Ringim tana sanƙarewa idan an buɗe Word da Chrome, ga firinta na aiki.

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kowace ƙwaya da ke cikinta aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Windows ne ke tsara layi, kamar injin niƙa ɗaya da kwanuka a jere, sai dai kowace manhaja 'yan milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) take samu, a adana inda ta tsaya, a sa mai bi mata. Wadda ke jiran firinta kuwa gefe ake ajiye ta har amsa ta zo. Wannan juyi bai cika kawo nauyi ba.

Yawanci matsalar RAM ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Idan RAM ɗin, misali mai 4GB, ya cika, sai Windows ya riƙa kwashe bayanai zuwa faifan ajiya, wanda bai kama ƙafar RAM a sauri ba, lokaci ya ƙare a kai-kawo. Danna Ctrl+Shift+Esc ka duba Memory, wato RAM, a tagar da za ta buɗe. In ya haura kashi 90, rufe shafukan Chrome, don kowanne da rabonsa. In da hali ka kai RAM 8GB, ka sa SSD, faifan ajiya mai sauri. Amma duba ko nau'in RAM ɗin kwamfutarku DDR3 ne ko DDR4 kafin ka saya, ba sa shiga ramin juna.