Amsa ga mai son zuba ifoksi a teburin madaci

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: kana da falankin madaci mai tsaga a tsakiya, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60, kana so ka cike tsagar da ifoksi mai shuɗi, wato ruwan nan da ke daskarewa ya yi tauri yana ƙyalli kamar gilashi, ka shafe saman ya zama teburin falo. Kana son sanin lita nawa za ka saya, da kuma ko ruwan da masu aikin fiba ke amfani da shi zai yi, tunda ya fi araha. Ni kafinta ne a nan cikin Katsina, ina taɓa wannan aikin a gefen sana'ata, to ga abin da na sani.

Ruwan masu fiba ba zai yi maka ba. Shi foliyesta ne, ba ifoksi ba, ko da mai shago ya rantse maka cewa duk ɗaya ne. Gane shi ba wuya: warinsa na hawa kai tun daga buɗe murfi, kuma ana haɗa maka shi da 'yar ƙaramar kwalba da ake ɗiga kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Idan ya daskare yana tsukewa sosai, sai ya janye daga jikin katakon ya bar rami a gefe, samansa kuma ya daɗe yana danƙo. Ifoksi na gaske roba biyu ne, ɗaya an rubuta A, ɗaya B, kuma ta B ba ta taɓa zama 'yar mitsitsiya, yawanci ko dai daidai da A ko rabinta ko sulusinta. Shi ma Araldite ɗin nan na cikin 'yan tub ifoksi ne, amma gam ne na liƙi, ba na zubawa ba.

Sai dai ni abin da ya fi damuna a tambayarka ba ruwan ba ne, katakon ne. Ba ka faɗi yaushe aka sare shi ba. Yawancin bidiyon da muke kallo daga Amurka da Turai suke, inda ake busar da katako a inji, a yi aiki a ɗakin da zafinsa ba ya wuce digiri 21 zuwa 25. Mu a nan, katakon da ake kawowa daga kudu ko wanda aka saro daga 'yan katakon Na'ibawa a Kano sau da yawa da ruwansa yake zuwa, ya sauka cikin iskar Katsina da ke tsotse komai. Ifoksi idan ya daskare ba ya motsi, katako kuwa bai daina motsi ba: ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Ka zuba a kan ɗanye, zuwa watan Fabrairu za ka ga falankin ya lanƙwashe, ko ya rabu da ruwan ta bakin tsagar, ko wani farin hazo ya fito a ƙarƙashi wanda ba ya gogewa. Ana so damshin katako ya kasance ƙasa da kashi 12 cikin ɗari. In ba ka da na'urar aunawa, ka ɗora falankin a sikeli duk mako ka rubuta nauyinsa. Ranar da nauyin ya daina raguwa na tsawon wata guda, ya bushe. A inuwa za ka ajiye shi, a kan 'yan sanduna don iska ta ratsa ƙasa, ka shafe bakunansa biyu da fenti, don ta nan yake fara tsagewa idan bushewar ta yi sauri. Madaci katako ne mai kyau ga wannan aikin, jansa na fitowa sosai a ƙarƙashin ruwan. Bedi ma yana yi, kuma ba ya wuyar samu. Ɓawon gefen tsagar duk ka kankare shi, domin ifoksi zai kama ɓawon ne, ɓawon kuma ya saki katakon. Ka duba 'yan ramukan ƙwaro. In kana ganin gari na zuba, akwai mai rai a ciki, sai an yi magani tukuna.

Yanzu ga inda mutane ke ƙona kuɗinsu. Ifoksi iri biyu ne, kai kuma aikinka na buƙatar duka biyun. Akwai na shafe sama, mai kauri kamar zuma, wanda yawanci ake haɗawa ɗaya da ɗaya, ba a zuba shi fiye da milimita 3 a lokaci guda. Akwai na cika rami, mai ruwa-ruwa, yawanci biyu da ɗaya, wanda ke ɗaukar zurfin santimita 5 amma sai ya yi kwana biyu zuwa uku kafin ya kama. Zafi ne dalilin wannan bambancin. Ifoksi ba bushewa yake ba, A da B ne ke haɗuwa su fitar da zafi, zafin kuma ya ƙara musu sauri. Idan ka tara na shafe sama a rami mai zurfi, zafin ba shi da hanyar fita: sai ya yi hayaƙi, ya koma ruwan ɗorawa, ya tsattsage. Na ga kofin roba ya narke da ragowar da aka bari a ciki. Kuma duk ƙarin digiri 10 a zafin ɗaki na rage kusan rabin lokacin da kake da shi na aiki. Ka lissafa da kanka: robar da aka rubuta minti 40 a jikinta, a watan Afrilun Katsina da ake haura digiri 40, a shago mai rufin kwano, minti nawa ya rage maka? Ni ba na karɓar aikin cika rami daga Maris zuwa Mayu. In dole ne, sai a raba zubin kashi biyu ko uku, kowane ya huce kafin na gaba.

Damina ma da nata. Damshin watan Agusta na sa wani maiƙo-maiƙo ya taso a saman, wanda sai an wanke da ruwa an goge da sanfefa kafin wani zubin ya kama. A ganina lokacin da ya fi shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta yi ƙarfi ba. Hunturu ma yana yi in kana da ɗakin da ke rufuwa, sai dai sanyin safiya na sa ruwan ya yi kauri ya riƙe kumfa. Ka tsoma robobin a rufe cikin ruwan ɗumi na minti 15, ka share jikinsu sarai kafin ka buɗe, don ɗigon ruwa ɗaya na ɓata kwaɓi.

Lissafin lita ba shi da wuya. Lita ɗaya na rufe murabba'in mita ɗaya a kaurin milimita ɗaya. Saman teburinka 1.2 sau 0.6 ne, wato 0.72, sau milimita 3 ya ba ka lita 2.16. Ka sayi 3, saboda abin da zai zuba ta gefe, da shafin farko, da ƙasan teburin. Tsagar kuwa tsawo sau faɗi sau zurfi ne a santimita, ka raba da 1,000. In faɗinta ya kai 10, kaurin falankin 4, to 120 sau 10 sau 4 ya zama 4,800, lita 4.8 ke nan. Masu sayarwa da kilo suke bayarwa, lita ɗaya kuma wajen kilo 1.1 ce, kada ka ɗauka ɗaya suke. Wannan ne ma ya sa dole ka karanta jikin robar: ma'aunin na cika ne ko na nauyi? A ya fi B nauyi, don haka wanda aka ce a auna da kofi, in ka auna shi da sikeli ka kauce. Kuma kada wani ya ce maka ka ƙara B don ya yi saurin daskarewa. Ƙarin B ba ya sa sauri, yana barin ka ne da tebur mai laushi da danƙo har abada, maganinsa sai kankarewa.

Akwatin zubin ka yi shi da filawud, ka lulluɓe cikinsa da salatif mai faɗi irin na ɗaure kwali, ka bi duk mahaɗa da silikon ka bar shi ya kwana. Ifoksi ba ya kama salatif, amma yana gano ƙofar da allura ba ta shiga. Ka danne falankin da kilam, wato ƙarfen matse katako, in ba haka ba zai taso ya yi iyo. Ka daidaita teburin aikin ta kowane ɓangare da filam, wato ma'aunin da ke nuna ko abu ya karkace, ruwan da kansa yake kwanciya, inda ya karkata nan zai taru.

Kafin babban zubi, ka shafa ɗan siriri da buroshi a bakin tsagar da saman katakon. Madaci na da ƙananan ƙofofi cike da iska, in ba a toshe su ba za su yi ta aman kumfa har ruwan ya kama. Saboda wannan iskar ne nake zubi bayan la'asar: da safe katako na ɗumama yana fitar da iska, da yamma yana hucewa yana jan ruwan ciki. Garwayawa a hankali, minti uku zuwa biyar, kana kankare gefe da gindin robar, sannan ka juye a wata roba mai tsabta ka sake garwayawa minti ɗaya. Launi na gari mai ƙyalli ko na ruwa da aka yi don ifoksi, kaɗan, kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Fentin ruwa na bango kada ya kusanci wurin. Kumfar da ta taso ka bi ta da ƙaramin bututun wuta na gas irin na masu gyaran firij, daga nisan taƙi guda, hannu na tafiya ba tsayawa. Na'urar busar da gashi ƙura kawai za ta watsa maka.

Ƙura kuwa ita ce abokiyar gaba a garin nan. Ka share ɗakin tun jiya, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka kashe fanka, ka kifa babban kwali ko rumfar leda a kan aikin. Ka kashe fitila kuma, domin duk ƙwaron da haske ya kira a cikin ruwan zai kwana.

Bayan ya kama ka bar shi mako guda kafin guga. Sanfefa daga lamba 80, zuwa 120, 180, 220, kada ka tsallake. Daga nan zaɓi biyu ne: ka zuba na shafe sama ya ba ka ƙyalli, ko ka ci gaba zuwa 400 ka shafa mai ko banish. Ni na fi son na biyun a gidan da ke da yara, don ƙyalli na nuna kowane ƙarzo. Ko wanne ka zaɓa, ka shafe ƙasan teburin ma. In sama a rufe yake ƙasa a buɗe, damina ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi.

Safar hannu ta roba dole ce. Ruwan B na sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa ba ya komawa daidai. In ya taɓa fata, sabulu da ruwa, ba tina ko fetur ba, su suna ƙara shigar da shi jiki ne. Takunkumi lokacin guga, kuma taga a buɗe lokacin kwaɓi.

Ka gaya wa mutanen gida tun yanzu: ifoksi na fara laushi daga wajen digiri 50 zuwa 60. Butar shayi daga kan wuta, tukunyar miya, kaskon turaren wuta, duk za su bar zobe. Rana kuma na mai da shi ruwan ɗorawa a hankali, har wanda aka rubuta yana jure ta, don haka ba teburin tsakar gida ba ne, ba kuma na yankan nama ba.

Kafin ka taɓa madacin nan, ka sayi kilo ɗaya ka gwada a ƙananan abubuwa: tire na katako, matashin kofi, maƙalar makulli, ko ka zuba a kan ƙaramin faifai ko gutsuren ƙwarya mai zane. Mata da dama na sayar da irin waɗannan cikin kayan ɗakin amare. Duk abin da za a binne a ciki, fure ne ko ganye ko ƙwayar hatsi, sai ya bushe ƙayau, in ba haka ba zai ruɓe a ciki ka gan shi. A nan za ka gane minti nawa robarka ke ba ka a zafin ɗakinka.

Ka auno faɗin tsagar a wuri biyar da kaurin falankin, ka gaya mana watan da aka sare shi, sai mu fitar maka da kilon da za ka yi oda.