Fankata Tana Gurnani, Ta Ƙi Juyawa

Tambaya: Malam, fankata ta ƙasa in na kunna sai gurnani kawai, sai na tura fukafukan da hannu take tashi. Kwayil ɗin ne ya ƙone? Daga wani tela a Zariya.

Amsa: Malam tela, kwantar da hankalinka, kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin injin fanka, in ya ƙone galibi ƙauri yake yi. Zare filogi tukuna, ka juya fukafukan da yatsa. In sun yi nauyi, ƙurar hunturu ce ta daskare a bushin, wato zoben da sandar tsakiyar injin ke juyawa a cikinsa. Kwance murfin injin, amma ka ja layi da alƙalamin maka a kansa don ka mayar daidai. Goge sandar tsakiya da kananzir, ka ɗiga man keken ɗinkinka gaba da baya. Ban da man gyaɗa, danƙo yake yi.

In kuwa suna juyawa sakayau, kafasita ce ta gaji, wannan ɗan baƙin akwatin mai waya 2. Ciro ta ka je da ita kasuwa, a ba ka mai lamba iri ɗaya. Kada mai shago ya ruɗe ka da babba wai ta fi gudu, zafafa kwayil take yi.