Ina kiran mahaifiyata da ta rasu ta roƙar mini Allah, shin na yi shirka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifiyata ta rasu bara. Lokacin da take raye, duk abin da ya taso mini ita nake fara gaya wa, ta yi mini addu'a, kuma ina ganin biyan buƙata. Tun da ta rasu al'amura suka cakuɗe mini. Nakan farka cikin dare ina kuka ina cewa "Inna, ki roƙar mini Allah", wani lokaci har in ce "Inna, ki taimake ni". Kwanaki na yi mafarkinta fuskarta a murtuke. Wani da aka kai ni wurinsa ya ce fushi take yi da ni, sai na yi mata yanka, na je kabarinta na kai mata kukana. Yayata kuma ta ce abin da nake yi shirka ne. Malam, hankalina a tashe yake. Na fita daga Musulunci ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta, ya ba ki haƙurin rashinta.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki tukuna. Kewar uwa da kukan rashinta babu zunubi a cikinsu. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wanda kuma ya faɗi kalma cikin rashin sani, da aka nuna masa ya tsorata ya zo yana tambaya, ba a yanke masa hukuncin kafirci. A hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu itaciyar da za su riƙa rataya makamai don neman albarka, irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai. Ya yi musu kakkausan gargaɗi, ya karantar da su, aka ci gaba da tafiya tare. Ki yi istigfari, ki daina, Musuluncinki yana nan.

Amma yayarki tana da gaskiya a kan aikin kansa. Cewa mamaci "ka taimake ni", ana nufin ya yaye damuwa ko ya buɗe arziki, roƙon wanin Allah ne a kan abin da Allah kaɗai ke iyawa, kuma shirka ce. "Addu'a ita ce ibada," in ji Annabi (SAW) a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Cewa "ki roƙar mini Allah" ya fi wancan sauƙi a wurin malamai da yawa, suna kiransa bidi'a kuma ƙofar shirka, wasu kuwa sun haɗa su duka a hukunci ɗaya. Ko ta wane ɓangare aka duba, babu mai cewa ki ci gaba.

Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne tunanin da ke haifar da wannan, don kusan kullum sai na ji shi a bakin mutanen kirki masu salla da azumi. Suna cewa: ai mahaifina mutumin Allah ne, yanzu ya koma ga Ubangijinsa, ya fi ni kusa, maganarsa ta fi tawa shiga. Da wannan hujjar aka fara bautar gumaka a bayan ƙasa. Ki duba Suratu Nuhu aya ta 23, inda aka ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa sunayen salihan bayi ne a cikin mutanen Annabi Nuhu. Da suka mutu aka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilimi ya gushe, na bayansu suka mayar da su abin bauta. Ƙauna ce ta fara abin. Mushirikan Makka ma ba su ce gumakansu ne suka halicci sama da ƙasa ba. Abin da suka ce yana Suratuz Zumar aya ta 3: ba ma bauta musu sai don su kusantar da mu ga Allah. To me ya raba wannan magana da "ya fi ni kusa da Allah"?

Wasu za su ce ai mamaci yana ji, tunda ya tabbata yana jin takun takalman waɗanda suka binne shi, kuma Annabi (SAW) ya yi wa gawarwakin Ƙuraishawa magana a rijiyar Badar. Jin mamaci mas'ala ce da aka yi saɓani a kanta tun zamanin sahabbai, Nana A'isha ma ta fahimci hadisin Badar ta wata fuskar. Mu ɗauka yana ji. Ji daban, iko daban. Suratu Faɗir aya ta 13 da 14 ta rufe ƙofar duka biyu: waɗanda kuke kira baicin Allah ba su mallaki ko fatar ƙwallon dabino ba, in kun kira su ba sa jin kiranku, ko da sun ji ba za su amsa muku ba.

Ki dubi kuma abin da sahabbai suka yi a aikace. A shekarar fari da ake kira Amur Ramada, wajen shekara ta 18 bayan hijira, yunwa ta galabaita mutanen Madina. Kabarin Annabi (SAW) yana nan cikin garin, taku kaɗan daga masallaci. Sayyidina Umar ya fito da jama'a roƙon ruwa, ya ce: ya Allah, da muna kamun ƙafa da Annabinmu kana shayar da mu, yanzu muna kamun ƙafa da baffan Annabinmu, ka shayar da mu. Ya sa Abbas, wanda yake raye, ya yi addu'a. Bukhari ne ya ruwaito daga Anas. In Umar ya koma ga mai rai alhali mafificin halitta yana kwance kusa da shi, ke wa za ki kira a maƙabarta? Na san akwai tsohuwar muhawara a kan tawassuli, wato kamun ƙafa, da darajar Annabi (SAW) tsakanin irin su Ibnu Taimiyya da Subki. Wannan magana ce a kan mai roƙon Allah yana ambaton Annabi, kada wani ya fake da ita ya ce a kira iyaye da kakanni su biya buƙata.

Shi kuwa mutumin da ya ce ki yi mata yanka, kada ki sake taka ƙofarsa. Ta ina ya san mahaifiyarki tana fushi? Wa ya leƙa masa barzahu? Irin waɗannan sun gane cewa mai makoki zuciyarsa a raunane take, sai su tsorata shi da fushin mamaci su karɓe abin hannunsa, gobe ya dawo su ce yankan bai karɓu ba, a ƙara. Annabi (SAW) ya ce Allah ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah, kuma ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Duka biyun suna cikin Muslim. Mafarki kuma iri uku ne kamar yadda hadisi ya bayyana: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da abin da mutum ya kwana yana saƙawa a ransa. Ke da kike kwana da tunaninta, ba abin mamaki ba ne ki gan ta. Ba a gina hukunci a kan mafarki. In kin ga abin da ba ki so, ki nemi tsari, ki yi tofi sau uku ta hagunki, ki juya kwanciya, kada ki ba kowa labari.

Yanzu ita ce mai buƙatarki. Aikinta ya yanke sai ta hanya uku da Abu Huraira ya ruwaito a Muslim: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi mata addu'a. Ke ce ta ukun. A hadisin da Ahmad da Ibnu Majah suka kawo, ana ɗaga darajar mutum a Aljanna ya ce daga ina na sami wannan, a ce masa daga istigfarin da ɗanka yake yi maka. Don haka duk daren da kika farka sunanta ya zo bakinki, ki yi alwala ki ce "Rabbir hamhuma kama rabbayani sagira", ki nema mata gafara, sannan ki kai wa Allah damuwarki kai tsaye. Shi ne ya ce a Baƙara aya ta 186: idan bayina suka tambaye ka game da ni, to ni makusanci ne. Wanda yake amsa addu'ar mahaifiyarki a da, shi ne dai yake nan.

Sadaka tana isa gare ta. Sa'adu ɗan Ubada mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, ya ba da gonarsa sukutum. In kin yanka dabba da sunan Allah, don Allah, kika raba wa mabuƙata da niyyar ladan ya je mata, wannan sadaka ce, ta sha bamban da yankan lallashin mamaci. Ki riƙa zumunci da ƙawayenta da 'yan'uwanta. Ziyarar kabari ga mata akwai saɓanin malamai a kanta, wanda ya je kuma sallama zai yi ya roƙa musu gafara da lafiya, kamar yadda aka koya wa sahabbai.

Kafin duk wannan, ku zauna ke da yayarki ku bincika ko akwai bashi a kanta ko wasiyyar da ba a cika ba. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Mutane da yawa suna kashe dukiya wajen masu fassara mafarki, mai bin mamacinsu ɗan kuɗi kaɗan yana gefe yana jin nauyin tambaya. Ku nemi irin waɗannan ku biya su, ko ku roƙe su su yafe mata.

Allah ne mafi sani.